Farar Rundunar Janar

Maigidana bai taɓa riƙe bindiga ba. Ko ɓera ne ya shiga kicin, ni ake kira. Amma duk layinmu Janar ake ce masa. Ni na laƙaba masa sunan don tsokana, sai ya bi shi, har jikokinmu suka taso ba su san yana da wani suna ba. Sana'arsa gyaran tabarau. Shagonsa ɗan tsukut ne, tsakanin mai gyaran waya da kantin magani, kuma duk sa'ar da ka leƙa za ka same shi a sunkuye ƙarƙashin fitila yana ɗaure wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ba shi da hayaniya. In an kawo masa tabaran da yaro ya zauna a kai, sai ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya shi, ya ce, "Sannu, sannu." Har yau ban sani ba ko da mai tabaran yake ko da tabaran.

Ni kuwa aikin jinya na yi har na ajiye, kuma an shaide ni da gajen haƙuri. Muna zamanmu lafiya, shi yana shiru, ni ina yi mana magana mu biyu, har ranar da wani tela ya kawo masa gyara.

Yadda ya ba ni labari, telan yana buɗe gidan tabaransa sai ga wani ɗan soja na dalma ya faɗo kan kanta. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, da jar riga da doguwar baƙar hula da bindiga a kafaɗa. Maigidana ya sa hantsaki ya ɗauke shi, ya kai shi ƙarƙashin gilashin da yake duba ƙananan abubuwa da shi, ya daɗe yana kallo. Can ya ɗago ya ce, "Ba shi da ido."

"Wa zai ga idonsa daga nesa?" in ji telan.

"Ni na ga babu."

"To kai ka yi masa mana, tunda ka iya."

Aka bar masa sojan. Da telan ya dawo karɓar tabarau, ya tarar da sojansa da ido biyu har da gira. Ya ce idon ya yi, amma an ɓata masa maɓallin wuya. Da gardama suka fara abota, kuma da ita suka riƙe ta shekara da shekaru. Ni dai tun daga lokacin na rasa gareji, motarmu ta koma kwana a waje.

Wanda bai taɓa gani ba zai ce wasan yara ne. Ni ma haka na ce da farko, kuma har yanzu in raina ya ɓaci haka nake cewa. Babban tebur ne aka shimfiɗa masa koren bargo. Tsaunukan tsohuwar katifa ce aka yayyanka aka shafa wa fenti, itatuwan na soson wanke-wanke, kogin kuma shuɗin ƙyalle ne daga shagon Tela. Sojojin na zamanin da ne, zamanin bindigar toka da igwar da dawaki ke ja, lokacin da ake jeruwa sahu-sahu a tafi yaƙi da ganga da tuta. Kowa zai jera nasa a gefensa. In za a matsa da su sai an auna da tef, in za a yi harbi sai a jefa ƙwayoyin ludo, abin da ɗige-ɗigen suka nuna shi ne rabonka. Alƙalin wasan wani tsohon hedimasta ne, wanda ya ajiye aiki amma bai ajiye tsawa ba. Duk Asabar da yamma su ukun za su shige garejin, ka ji dattawa masu furfura suna rantse-rantse a kan ko doki zai iya tsallake soson wanke-wanke.

Kayana kuwa sun ga ta kansu. Rariyata ta tafi tankaɗen yashi ba ta dawo ba. Abin gyaran farcena ya koma na goge dalma. Ban san sau nawa ya tsoma buroshi a kofin shayinsa ya kurɓi ruwan fenti ba, kuma in na yi magana sai ya ce kofunan ne suka yi kama. Yana da ɗabi'ar lasar bakin buroshi don ya yi tsini, har wata rana ya yini a shago da shuɗin leɓe. Wani likita da ya zo karɓar tabarau ya ja shi gefe, ya ce lallai ya je a duba masa zuciya.

Doka guda ce a garejin da ba a taɓa ta: sojan da ba a gama yi wa fenti ba, ba ya hawa tebur. Janar ne ya kafa ta da bakinsa, ranar da Hedimasta ya zo da wasu sojojin roba ruwan toka, yadda suka fito daga kwali, ya ce a bar su su buga. Janar ya ce ba a fita yaƙi tsirara. Aka yi dariya, doka ta zauna, kuma ba ta kama kowa ba sai wanda ya kafa ta.

Don maigidana ba ya sauri. Kafin ya gama gashin bakin soja ɗaya, Tela ya gama sahu guda har da dawakinsu. Shi Janar ya sayi tasa rundunar, masu shuɗiyar riga, sun haura ɗari biyu. Ya ce sai ya yi wa kowane ɗaya ido, ya kuma ce ba za su fito gutsi-gutsi ba, sai dai gaba ɗaya. Saboda haka duk Asabar da sojojin aro yake wasa. Tela yana da runduna biyu. Akwai jajaye, waɗanda ba ya yarda ko numfashi a yi musu, akwai kuma wasu koraye da ya yi tun yana koyo, fentinsu duk ya ɓamɓare. Korayen yake ba Janar, kuma duk Asabar sai ya lallasa shi.

"Ba nawa ba ne, ba su san muryata ba," haka Janar yake cewa yana kwashe waɗanda aka kashe masa. "Bari nawa su fito."

"Su fito mana," in ji Tela. "Ko sai na aika musu da mota?"

Shuɗɗan suna cikin wani kabad mai labule, a kulle, kuma bai taɓa bari Tela ya ga ko hular ɗaya ba. Ni kaina sai dai in hango su ta kan kafaɗarsa in na kawo shayi. Wata rana haƙurina ya ƙare. Na same shi ya riƙe numfashi yana ɗiga wa wani mai ganga baƙin ido da buroshin da gashinsa bai fi ƙwara uku ba.

"Don Allah Baban yara, wai idon nan na mene ne? In ka jera su a tebur, kai da kanka kana ganin fuskarsu?"

Ya ajiye buroshin, ya sauke numfashi. "Ba na gani. Ai ni bayansu nake. Daga inda nake zaune ƙeya kawai nake gani da jakar goyo."

"To?"

"Fuskar ta wanda ke can gefen ce. Ta Tela ce."

Na tsaya da kofi a hannu. Wato duk shekarun nan da yake sunkuye har wuyansa ya ƙage, kyauta yake haɗa wa mutumin da ke cinye shi duk mako yana yi masa dariya. Bai taɓa ce wa Tela yana ƙaunarsa ba, kuma na san ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Ido yake ta ɗigawa.

Sai gwiwoyin Tela suka ƙi. Hawa benen gidansa ya gagare shi, taka keken ɗinki ma ya zama azaba. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗansa kuwa yana wani gari mai nisa, irin nisan da ba a zuwa a dawo a rana ɗaya. Ɗan ya kafe sai mahaifinsa ya koma wurinsa. A garejinmu Tela ya faɗa, yana naɗe tef ɗinsa, kamar wanda ke cewa gobe za a yi ruwa. Ya ce Asabar ɗin ƙarshen wata ita ce wasansa na ƙarshe, daga nan mota za ta wuce da shi.

Janar ya ce, "To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma ranar ko abinci bai taɓa ba. Washegari ya liƙa takarda a ƙofar shago cewa zai riƙa tashi da wuri, ya dawo gida ya buɗe kabad. Ban taɓa ganin mutumin nan yana sauri ba sai a makonnin nan. Da gari ya waye yana kan tebur, da ya dawo daga shago yana kan tebur. Ni da nake mita kullum, sai ga ni ina wanke masa buroshi, ina hana jikoki buga ƙwallo kusa da taga. Ana saura kwanaki kaɗan, ya shigo kicin, hannunsa duk fenti, ya tsaya a bayana yana murmushi.

"Maman yara, sun kammala."

Saura aiki ɗaya. In an gama fenti, akwai wani banish na feshi, marar launi, da ake fesa wa sojoji don kada hannu ya goge aikin. Akwai kuma wani farin fenti, shi ma na feshi, da ake fara fesa wa ɗanyar dalma kafin a sa mata launi. Gwangwanayen biyu tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, rubutun jikinsu ne kawai ya bambanta, kuma a kanta ɗaya suke zaune. Shi kuwa Janar, duk wanda ya taɓa shiga shagonsa ya sha wa'azi a kan feshi. Turare ne, maganin sauro ne, ko ma mene ne, kada ka fesa da tabarau a fuskarka, yana cin gilashi. Shi da kansa bai taɓa saɓa wa wannan ba. Kuma in ya cire tabaransa, ba ya bambance ni da firij.

Da safe ne, ina shanya a tsakar gida. Ya fito da dogon katako ya ɗora a kan kujeru biyu, ya jera su duka, dakaru da mahaya da masu igwa, kowa na fuskantarsa kamar ana fareti. Ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu. Ya koma gareji ya ɗauko gwangwani, ya girgiza shi sosai, ya bi sahun da feshi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya ga abin ya yi dishi-dishi, ya ce ai haka banish yake kafin ya bushe, sai ya sake bi. Ni na ba shi baya, ƙarar feshin kawai nake ji. Sai na ji shiru, irin shirun da in yara suka yi kin san an fasa wani abu.

"Maman yara, zo ki gaya mini abin da kike gani."

Na juyo. Ya mayar da tabaransa, gwangwanin na hannunsa. Runduna guda ta yi fari fat, tun daga hula har takalmi. Ba ido, ba gira, ba gashin baki, ba maɓalli. Na zagaya ta bayansu, sai na ga ta nan ba abin da ya taɓa su, shuɗin riga yana nan da jakunkuna da komai. Dariya ta taso mini har maƙogwaro, don wallahi abin dariya ne, mai gyaran tabarau ya ɓata aikin shekaru don ya ƙi sa tabarau. Amma da na dubi fuskarsa sai dariyar ta koma. Tausayinsa ya kama ni.

Na ruga na ɗauko sifirit da auduga, abin da na sani ke nan. Na ɗauki soja ɗaya na goga a hankali. Farin ya fita, amma ya tafi da fuskar da ke ƙarƙashinsa, sai ga ɗanyar dalma tana ƙyalli. Na gwada na biyu, haka. Ya riƙe mini hannu ya ce in bari.

Yini ya yi a zaune a garejin. Da yamma ya fito da shawarar da ya yanke.

"Ki kira Tela ki ce ba ni da lafiya."

"Ni? Ban yi ƙaryar ciwo ina aiki ba, sai yanzu da na tsufa?"

"To me zan nuna masa?"

"Ka nuna masa abin da ya faru mana. Kansa farau ganin ɓarna?"

"Ba za su hau tebur ba. Doka ce."

"Wace doka? Kai ka kafa ta, kai za ka soke ta."

"Ba a yin haka."

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce masa mutum zai bar gari, wataƙila ba za su sake zama tebur ɗaya ba, shi kuma yana nan yana yi wa dalma kara. Na faɗi wasu maganganun ma da ba sai na maimaita ba. Duk bai motsa ba. Abin da ya karya shi magana ce ƙarama. Na ce, "In ka ce ba ka da lafiya, da gwiwar tasa zai rarrafo dubiya, ya same ka garau. Sai ka haɗa kunya biyu." Sai ya tashi ya je ya jera su a gefensa na tebur, ya nemi tsohon zanin gado ya lulluɓe.

Ranar Asabar ɗan Tela ya sauke mahaifinsa a ƙofarmu, motar cike da kaya har saman, ya ce zai je ya ƙarasa sallama da mutane ya dawo. Tela ya shigo yana dogara sanda, ya ci kwat ɗinsa mafi kyau, tef a wuya kamar kullum.

"Amarya, ina yini? An ce yau za a kashe ni."

Jikokina sun fi biyar, amma a bakin Tela har yau ni amarya ce. Na ce masa ya shiga dai ya gani. Ban saba zama wurin wasansu ba, amma ranar na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofa, ba wanda ya isa ya kore ni.

Tela ya zauna a kujerarsa, ya fito da jajayensa ɗaya bayan ɗaya ya jera. Hedimasta ya gyara zama, littafin dokoki a cinya. Janar ya tsaya riƙe da gefen zanin gadon kamar wanda za a yi wa allura. Sai ya yaye.

Tela ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa. Sahu-sahu na fararen fuskoki suna kallonsa, ba ido ko ɗaya.

"Ka cire tabarau ka yi feshi ko?"

Janar ya gyaɗa kai.

Tela ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har da buga sanda a ƙasa, har hawaye suka zubo masa, yana cewa, "Wayyo cikina! Mai tabarau!" Hedimasta ya so ya daure, ya kasa, ya ɓoye fuska a bayan littafi kafaɗunsa na rawa. Ni na harari su biyun, amma ba wanda ya kula ni. Janar na tsaye, kunnuwansa kamar su faɗi.

Da dariyar ta lafa, Hedimasta ya yi gyaran murya. "To, abin ba daɗi, amma doka a fili take. Sai dai a fito da korayen."

Tela ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, ya fara zagayowa, yana jan ƙafa, yana cije baki. Na tashi zan taimaka masa, ya ɗaga mini hannu. Da ya iso gefen Janar sai ya ture shi da gwiwar hannu, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa hulunan.

"Mu teloli ta baya muke duba riga," in ji shi. "Kowa ya iya ƙawata gaba."

Ya daɗe a sunkuye. Ya bi su sahu-sahu da ɗan yatsa, ba tare da ya taɓa ba. Ya ga maɓallai biyu a ƙugun kowace riga, ya ga inda ɗinkin baya ya rabu, ya ga igiyar jaka da bargon da aka naɗe a kai. Ya ga taɓo a dugadugan takalma, ya ga gumi a cinyar dawaki. Ya tsaya a kan wani da aka yi wa faci a wando, facin launinsa daban, har da ɗige-ɗigen zare a gefensa.

"Wa ya yi masa wannan facin?"

"Shi ya yi da kansa," in ji Janar a hankali. "Bai iya ba."

"Na ga alama."

Dariyar ta bar fuskar Tela gaba ɗaya. Ya jawo kujerar Janar ya zauna a kai, ya jingine sandarsa, ya nuna can gefen da haɓa.

"Koma can."

"Ina?"

"Wurin jajayen. Yau ni da waɗannan."

Hedimasta ya ɗaga littafi. "Tela, doka fa."

"Wace doka? Ni daga nan inda nake zaune ban ga soja marar fenti ba. Zo ka duba in ƙarya nake. In akwai mai ƙorafi, to na can gefen ne." Ya dubi Janar ta saman tabarau. "Kai, kana da ƙorafi?"

Janar ya zagaya ya zauna a kujerar Tela, gaban jajayen da bai taɓa samun izinin taɓawa ba. Ya ce ba shi da ƙorafi. Hedimasta ya duba littafinsa gaba da baya, ya ce bai ga inda aka hana ba, a fara.

Wato bayan duk wahalar nan, maigidana ya sake ƙarewa da sojojin aro. Ban fahimci rabin abin da aka yi a teburin ba, amma na fahimci wannan: mutumin nan ya manta gefen da yake. Da Tela ya turo mahayan shuɗɗa suka haye gada suka tarwatsa masa masu igwa, sai Janar ya buga tebur ya ce, "Haka nan! Ku bi su!" Hedimasta ya tuna masa cewa nasa ake bi. Ya ce ya sani. In ya jefa ƙwayoyin ludo suka ba shi sa'a, sai ya yi tsaki, ya kwashe shuɗɗan da ya kashe yana ba su haƙuri. Tela kuwa bai sassauta masa ko kaɗan ba. Ya zagaye shi ta bayan tsaunin katifa, ya matse shi a bakin kogi, ya cinye shi cin da bai taɓa yi masa irinsa ba.

Janar ya miƙe tsaye, hannu sama. "Ban gaya maka ba? Ban ce maka bari nawa su fito ba?"

"Ka faɗa," in ji Tela. "Sun fito."

Ana cikin haka muka ji hon a waje. Tela ya dubi akwatunan sojojinsa, ya ce gidan ɗansa ba wurin da zai sa su, a bar su nan. Ya ɗaga yatsa ya ce ajiya ce, ba kyauta ba, kuma ya san adadinsu. Muka raka shi har mota. Sai da aka taimaka masa ya shiga, ya sauke gilashi.

"Janar, bayan ya yi. Saura gaba. Ka san ni ba na karɓar rabin aiki."

Maigidana ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Duk abin da ya iya fitarwa shi ne, "Allah ya kiyaye hanya." Ni ce na yi kukan a madadinsa, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Bayan tafiyar, garejin ya zauna a rufe. Janar ya riƙa dawowa daga shago ya zauna gaban talabijin, abin da bai taɓa yi ba, yana kallon masu girki da masu tallar sabulu. Hedimasta ya leƙo wata Asabar, suka sha shayi a falo kamar baƙi, ya tafi. Shekaru ina fatan ranar da zan ga mutumin nan zaune a falo kamar sauran mazan mutane, ga shi na samu, kuma ban taɓa tsanar abu kamarsa ba. Da na gaji, na ɗauki kwalbar sifirit da ƙunshin auduga na dangwara masa a cinya, na kashe talabijin, na koma kicin ina buga tukwane don ya san ba da wasa nake ba.

Can na ji ƙarar ƙofar gareji. Na ƙyale shi. Har na gama girki na wanke hannu, sannan na ji muryarsa.

"Maman yara, ɗan zo."

Na same shi a kujerarsa, leɓensa da ɗigon baƙin fenti. Ya goge fuskar mai gangar nan ya sake yi mata launi, ya tsayar da shi a kan koren bargon yana fuskantar can gefen.

"Duba mini idon nan. Yana kallon gaba, ko ya karkace?"

Bai taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya. Na goge hannuna a zani, na zagaya teburin na zauna a kujerar Tela, don daga can ake gani. Na sunkuya na duba da kyau. Na ce masa na hagun ya karkace, ya sake.